Muhawara: yaya injiniyan manhaja zai kare lokacin rubuta kod daga tarurruka da saƙonni?

Abba Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wani abu da ke ci wa masu rubuta manhaja tuwo a ƙwarya. Injiniya zai zauna aiki ƙarfe 9 na safe, ya tashi ƙarfe 5 a gajiye liƙis, amma in ka duba abin da ya rubuta bai kai aikin awa biyu ba. Sauran lokacin ya tafi a taro, da Slack (manhajar saƙonnin wurin aiki), da WhatsApp, da "ɗan zo ka duba min wannan". Daga nan sai ainihin aikin ya koma dare. Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a toshe awanni a kalanda. Ana toshewa, bayan mako biyu abin ya rushe. Me ke rusa shi, kuma wane tsari ne yake tsayawa? Matakai nake so don Allah, ba "ka dage" ba.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Mu fara da sanin abin da ake asara, don mutane da yawa suna ɗauka tambayar minti biyu minti biyu take ci. Mai bin diddigin kuskure a kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, yana riƙe da abubuwa da yawa a kansa lokaci ɗaya: wane sashe ne ke kiran wane, wace ƙima ce ta shiga, wane zato ya riga ya gwada ya watsar, wane fayil zai buɗe gaba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke rubuce a allo. Da an katse shi sai su zube, dole ya sake tattaro su ɗaya bayan ɗaya.

An auna wannan. Chris Parnin da Spencer Rugaber sun bi zaman aiki 10,000 da aka naɗa daga masu rubuta kod 86, suka kuma yi wa wasu 414 tambayoyi. A kashi 10 cikin 100 kacal na zaman ne mutum ya koma taɓa kod cikin ƙasa da minti ɗaya. Abin da Parnin ya bayar a matsayin lokacin komawa shi ne minti 10 zuwa 15. Wancan minti 23 na komawa aiki da ake yawan ambatowa daga Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya a Irvine, a kan ma'aikatan ofis gaba ɗaya ne, ba masu kod kaɗai ba, don haka kada a gwamutsa su.

Yanzu ɗauki safiya daga 9 zuwa 1, awa huɗu. Sanya taron rabin awa ƙarfe 10:30. A takarda rabin awa ka rasa. A zahiri safiyar ta rabu gida biyu, minti 90 da minti 120. Cire minti 15 na shiga aiki daga kowanne, ka kuma cire minti 10 kafin taron da mutum ba ya iya fara wani abu mai nauyi don ya san za a tashe shi. Da an kai taron nan ƙarfe 9 ko 12:30, da safiyar ta zauna dunƙule ɗaya na awa uku da rabi. Wurin da aka ajiye taro ya fi tsawonsa ɓarna.

Hajiya Rabi: Malam Nura ya faɗi gaskiya, bari in ƙara ta ɓangaren manajoji. Paul Graham ya bayyana bambancin tun 2009: ranar manaja yankakkiya ce awa-awa, taro ɗaya a wurinsa gurbi ɗaya ne ya cika. Shi kuwa mai ƙera abu da rabin yini yake lissafi. Manajan da ya ga gurbi ƙarfe 11 a kalandar injiniya ya sa taro, ba mugunta ya yi ba, da ma'auninsa ya auna.

Amsar tambayarka Abba, toshe kalanda yana rushewa ne saboda bai kawar da buƙatar ba. Mai sayarwa yana da kwastoma a waya, sabon injiniya ya maƙale, wani abu ya lalace a saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta. In ka rufe ƙofarka ba ka nuna musu wata ƙofar ba, za su ƙwanƙwasa taka, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa mutum ɗaya ba ya iya kare lokacinsa shi kaɗai.

Akwai gwajin Leslie Perlow da aka wallafa a 1999. Ta zauna da wata ƙungiyar injiniyoyin manhaja a wani babban kamfani a Amurka, suka amince da lokacin shiru: Talata, Alhamis da Juma'a, daga safe har 12 na rana, ba mai katse wani. Akasarinsu suka ce aikinsu ya ƙaru, kayan da suke ƙerawa ya fita a kan lokaci. Amma da gwajin ya ƙare sai aka koma gidan jiya, domin kamfanin bai daina yaba wa mai kashe gobara a minti na ƙarshe ba. Wannan rabin na biyu shi ne abin da manajoji ya kamata su riƙe. Duk abin da ake ba wa lada a ƙungiya shi mutane za su yi. In mai saurin amsa saƙo shi ake kira hazikin ma'aikaci, ba wanda zai kashe Slack.

Abba Fagge: To Hajiya, wace ce ɗaya ƙofar?

Injiniya Sadiq: Mai gadin mako. Mutum ɗaya daga cikin ƙungiya yake karɓar duk wata katsewa na tsawon mako guda, ana karɓa-karɓa. Ga yadda ake kafa shi.

A buɗe zaure ɗaya a Slack ko Teams domin duk buƙatun da ke zuwa daga waje, a rubuta sunan mai gadin wannan makon a samansa. Wanda ya turo wa injiniya saƙo kai tsaye, a mayar da shi zauren cikin ladabi, kowane lokaci, ba togiya. In aka amsa masa a ɓoye sau ɗaya, gobe ma nan zai dawo.

Mai gadi yana raba abin da ya shigo kashi uku. Na farko gobara: manhaja ta tsaya, kuɗin mutane ba sa wucewa, bayanai na lalacewa. Wannan kiran waya ne nan take, kuma yana da ikon tashin duk wanda ya san sashen, ko yana tsakiyar lokacin shiru. Na biyu abin yau: mai gadi ya amsa cikin awa biyu, in bai san amsar ba ya tara tambayoyin ya kai wa mai sashen bayan lokacin shiru ya ƙare. Na uku abin da zai iya jira: a buɗe masa tikiti, ya shiga layin tsara aiki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ba mai gadi aikin zango cikakke, wato rabon aikin da aka tsara wa kowa na 'yan makonni, a ce ya haɗa da gadin. Zai kasa duka biyun. In ku shida ne, ku lissafa ƙarfin ƙungiya a mutum biyar. In gadi ya yi sauƙi, ya cike lokacinsa da abin da katsewa ba ta cutarwa: gyara takardun bayani, rage ƙararrawar ƙarya, rubuta amsar tambayar da aka yi sau uku. Ranar Litinin a yi miƙa gadi na minti 15 da rubutu: me ya rage a buɗe, wa ke jiran amsa.

Injiniyoyin kula da tsayuwar manhaja na Google suna da iyakoki da za a iya aro: aikin hannu mai maimaituwa kada ya wuce rabin lokacin injiniya, kuma kada matsaloli su wuce biyu a zaman gadi na awa 12, domin kowace matsala, da bincike da gyara da rubuta rahoto, tana cin kimanin awa shida. In gadinku yana wuce haka mako bayan mako, kalanda ba za ta cece ku ba, manhajar ce ke buƙatar gyara.

Ummi K.: Ina da ja a nan, Yaya Sadiq. Wannan tsarin manya yake yi wa daɗi. Sabon injiniya da ya maƙale ƙarfe 9:30, wanda ya san amsar kuma ya sa hedifon sai 12, ke nan shi ya yi asarar safiyarsa don a kare ta babba. Kuma yawancin sababbi kunya ma ba ta barin su tambaya, balle an ce musu kada su katse kowa.

Injiniya Sadiq: Ja mai kyau, Ummi. Sabo ba ya cikin waɗanda ake korewa. Mai gadi nasa ne shi ma, shi zai fara tambaya. Bayan haka a ba shi ƙa'ida mai fuska biyu: ka gwada da kanka minti 30, in ba ta warware ba, tambaya ta zama dole, ba zaɓi ba. Fuska ta biyun ce ke maganin kunyar, domin yanzu shirun ne laifi.

Malam Nura: A kuma koya masa rubuta tambaya mai ɗauke da abu huɗu: me nake son ya faru, me ke faruwa, me na gwada, ga saƙon kuskuren yadda ya fito. Sau da yawa kafin ya gama rubuta na uku ya gano amsar. In bai gano ba, mai amsawa zai amsa a zama ɗaya, ba sai an yi ta "turo min hoton allo" ba. Sannan a daina turo "Salam, kana nan?" a tsaya jira. A yi sallamar, gaisuwa ba ta hana komai, amma a biyo ta da tambayar a cikin saƙo ɗaya.

A watanni biyu ko uku na farko, a haɗa sabo da babba ɗaya, su riƙa zama awa ɗaya kullum a kan allo ɗaya, a lokacin da aka tsayar. Sabon zai riƙa tara ƙananan tambayoyinsa don ya san lokacinsu na zuwa. Wannan awar a cire ta daga lissafin aikin babban, kada a ɗauka kyauta ce.

Ɗanlami: Ni matsalata bitar kod ce. Kowa ya shige lokacin shiru, PR ɗina, wato buƙatar a haɗe aikina da babban reshe (ainihin kod ɗin ƙungiya), ta kwana biyu ba wanda ya duba. Me zan yi? In fara wani aiki. Shi ma ya tsaya jiran bita, in fara na uku. Yanzu ni ne nake tsalle tsakanin ayyuka uku. An gudu ba a tsira ba.

Aisha Tudun Wada: Wannan ita ce ɓarakar da ta fi kashe tsarin, kuma maganinta tsayar da lokacin bita, ba barin ta ga wanda ya samu sarari ba. Ƙa'idar bitar kod da Google ta wallafa ta haɗa abu biyun: iyakar jinkirin amsa shi ne yinin aiki ɗaya, amma in kana tsakiyar rubuta kod kada ka katse kanka don bita, ka jira gaɓar da ka tsaya da kanka. A aikace, tagogi biyu a rana sun isa: ɗaya bayan an dawo daga Azahar da abinci, ɗaya kafin tashi, kowanne minti 30 zuwa 45. Wanda ya tura da safe zai samu amsa da rana, wanda ya tura da rana zai samu kafin yamma.

Amma tagar ba za ta ɗauki PR mai layi 1,500 ba. Binciken da SmartBear ta yi a Cisco ya nuna ido yana kama kurakurai sosai ne in abin da ake dubawa bai wuce layi 200 zuwa 400 ba, kuma bayan kimanin awa ɗaya kamawar tana raguwa. Babbar PR kowa gudun ta yake, shi ya sa take kwana. Ka yanka aikin: canjin rumbun bayanai daban, sauya sunaye da gyaran tsari daban, sabon aikin daban.

Batun fara aiki na biyu da na uku kuwa, akwai lissafin Little: matsakaicin lokacin gama aiki shi ne yawan ayyukan da ke buɗe a raba da yawan da ake gamawa. Ƙungiya mai ayyuka 12 a buɗe, tana gama 4 a mako, kowane aiki mako uku zai ɗauka. Ku rage na buɗe zuwa 6, ya koma mako ɗaya da rabi, ba tare da kowa ya ƙara sauri ba. Saboda haka in PR ɗinka na jira, abin da ya fi shi ne ka duba ta wani, ba ka buɗe sabon reshe ba.

Ɗanlami: Na karɓa. Amma in gyaran gaggawa ya faɗo alhali ina tsakiyar aiki fa?

Aisha Tudun Wada: Kada ka rusa teburinka. A Git, manhajar da ke adana tarihin kod, yi amfani da `git worktree add ../gyara main`, zai buɗe maka kwafin aiki na biyu a wata jaka dabam, yana nan tun Git 2.5. Ka yi gyaran a can, aikinka na farko na nan yadda ka bar shi, fayiloli a buɗe. `git stash` ma yana yi, amma yana da tarko: ba ya ɗaukar sababbin fayilolin da Git bai san da su ba sai ka ƙara `-u`, kuma mutane suna mantawa da abin da suka ajiye.

Kafin ka tashi, ɗauki minti ɗaya ka rubuta layi uku: ina nake, me nake zato, me zan gwada gaba. Misali: "gwajin biyan kuɗi yana faɗuwa in adadin sifili ne, ina zargin wurin zagaye kobo, gaba, buga ƙimar kafin a raba." Sophie Leroy, wadda ta yi bincike a 2009 kan yadda hankali ke maƙalewa a aikin da aka bari ba a gama ba, ta nuna daga baya cewa irin wannan gajeren shirin komawa yana sakin hankalin mutum ya fuskanci abin da ya katse shi. Wasu kuma suna barin gwaji ɗaya, wato ɗan kod ɗin da ke duba ko aikin daidai yake, yana faɗuwa da gangan, da sun dawo jan rubutun zai nuna musu inda za su ɗora.

Mustafa Damagaram: Duk wannan ya yi, amma ku faɗa min yadda za a ce wa oga "ba yanzu ba". Mai kamfani ya kira ka a WhatsApp, ko ya tsaya a kanka. A tarbiyyarmu ba a barin babba a tsaye.

Hajiya Rabi: Shi ya sa ba injiniya ne zai yi wannan yaƙin ba, Mustafa. Manaja ne zai je wurin mai kamfani tun kafin a fara, ya nemi amincewarsa da bakinsa, a gaban ƙungiya. Kuma ba da maganar "muna son nutsuwa" zai je ba, da lissafi zai je: injiniyoyi shida, taron awa ɗaya awa shida ne na albashi, ban da lokacin komawa aiki. Ya kuma ba shi abin da yake nema tun asali. Yawancin kiran oga tambaya ɗaya ce, "ina aka kwana?" In yana samun rahoton layi biyar kullum ƙarfe 4, kuma ya san lambar mai gadi, kiran zai ragu da kansa.

In duk da haka ya zo, ba a cewa a'a. A tashi a gaishe shi, a ce: "Ranka ya daɗe, ina kan aikin biyan kuɗin da aka ce a gama Alhamis. In na koma kan wannan yanzu, wancan zai kai Litinin. Wanne za a fara?" Ba ka ƙi ba, ka miƙa masa zaɓin tare da farashinsa. Kuma duk abin da ya zaɓa a rubuta shi a tikiti, don ranar Alhamis kada a manta dalilin jinkiri.

Mustafa Damagaram: Madalla. Bari ni ma in kawo nawa, game da masu yi wa kamfanonin waje aiki daga nan. Najeriya da Nijar ba ma sauya agogo, su kuwa suna sauyawa. Ƙarfe 9 na safe a New York ƙarfe 3 na rana ne a nan lokacin sanyinsu, 2 lokacin zafinsu. A San Francisco 9 na safe 6 na yamma ne ko 5. Landan tana bayanmu da awa ɗaya a lokacin sanyi, muna daidai a lokacin zafi. Ma'ana wanda ke aiki da Amurka safiyarsa duka tasa ce, kada ya ɓata ta da karanta saƙonnin da suka kwana. Ya duba minti 10 ko akwai gobara, ya rufe, sauran su jira sai bayan Azahar.

Tarkon shi ne taro mai maimaituwa yana bin agogon wanda ya ƙirƙire shi. Amurka na sauyawa Lahadi ta biyu a Maris da Lahadin farko a Nuwamba, Turai kuma Lahadin ƙarshe a Maris da ta ƙarshe a Oktoba. Sai ka wayi gari taron ya matsa da awa ɗaya ya hau kan La'asar ko ya faɗo cikin lokacin shirunka. A duba kalanda a waɗannan makonnin. Lokutan salla da Juma'a ma a sa su a kalanda a matsayin ba ka nan, kada a bar su ga zato.

Sai wuta. Katsewar wuta katsewa ce kamar kowace, laftof na da batir amma rauta (na'urar rarraba intanet) da allo na biyu ba su da shi. Ƙaramin batirin ajiya na rauta kaɗai yana hana intanet yankewa a daƙiƙun da ake juyawa zuwa inbata ko janareto.

Abba Fagge: Saitin manhajoji fa? Wanne ke aiki da gaske?

Aisha Tudun Wada: A Google Calendar na asusun aiki akwai nau'in gurbi na lokacin nutsuwa, wanda za ka iya sa shi ya riƙa ƙin gayyata da kansa. In ba ka kunna ƙin ba, ado ne kawai. Akwai kuma saitin gajarta taro, na minti 30 ya ƙare saura 5, mai tsawo ya ƙare saura 10. Viva Insights na Microsoft yana iya kama maka har awa huɗu a rana. A Slack, `/dnd` yana tsayar da sanarwa, kuma wanda ke da gaggawa yana iya tsallake shi sau ɗaya a rana, don haka ba ka ɓace ba. Mai kula da Slack ɗin ya taƙaita waɗanda ke iya kiran @channel, wato aika sanarwa ga duk 'yan zaure. A WhatsApp ko ka adana zaure, in an ambace ka ko an amsa saƙonka sanarwa za ta zo, saboda haka wayar ta koma yanayin kada-a-dame-ni, a bar lambar mai gadi da ta gida su wuce. Akwai saitin barin wanda ya sake kira ya shigo: minti 3 a iPhone, minti 15 a Android.

A ofis kuwa alamar da ido ke gani tana aiki. An gwada wata 'yar fitila mai suna FlowLight a kamfanin ABB da mutum 449 a ƙasashe 12, tana yin ja in mutum ya nutse a aiki, katsewa ta ragu da kashi 46 cikin 100. Ba sai an sayi fitila ba, kati ja a kan tebur ma ya isa, in an yarda da ma'anarsa. Sharaɗin kada ya wuni ja. Wanda katinsa ba ya sauka, mako ɗaya za a daina ganinsa.

Ɗanlami: Pomodoro fa? Minti 25 aiki, 5 hutu.

Malam Nura: Yana da amfani wurin fara aikin da rai ba ya so, ko bitar kod, ko amsa imel. A bin diddigin kuskure mai zurfi ban yarda da shi ba. In minti 15 ake ɗauka kafin a nutse, ƙararrawa a minti na 25 katsewa ce da ka saya da kuɗinka. Minti 90 zuwa 120 sannan a tashi a miƙe ya fi dacewa, sau biyu a rana. Wanda ya samu awa huɗu na irin wannan aikin a yini ya samu rana mai kyau, kada a yi tsammanin takwas.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, binciken Gloria Mark ya nuna kusan rabin katsewa mutum ne ke yi wa kansa. A wurin masu kod babbar ƙofarta jira ce. Ka danna gwaji, zai ɗauki minti huɗu, hannu ya tafi waya, minti huɗu ya zama ashirin. Masu nazarin mu'amala da kwamfuta sun daɗe da sanin cewa bayan kimanin daƙiƙa 10 na jira hankali yana barin wurin. Don haka a raba gwaje-gwaje: masu sauri na sashen da kake taɓawa su gudu cikin daƙiƙu a kwamfutarka, masu nauyi su tafi saba. Tsohuwar ƙa'idar ita ce harhaɗa manhaja da gwada ta gaba ɗaya kada ya wuce minti 10. Gwajin da ke faɗuwa yau ya wuce gobe ba tare da an canja komai ba, a ware shi a buɗe masa tikiti ranar da aka gan shi, domin kowace faɗuwar ƙarya tana dawo da mutum kan aikin da ya riga ya rufe a kansa.

Ummi K.: Ranar da babu taro fa, kamar Larabar kamfanin Asana? Kamfanin Shopify ma a Janairun 2023 ya soke duk taruka masu maimaituwa na sama da mutum biyu, ya hana taro ranar Laraba, ya mayar da na mutum 50 zuwa sama ranar Alhamis.

Injiniya Sadiq: Abin koyi a na Shopify sokewar ce, ba Larabar ba. In ba a rage yawan tarukan ba, ranar da babu taro tana tura su Talata da Alhamis ne, ranakun biyu su mutu don ɗaya ta rayu. A fara da sokewa: duk taron da ke maimaituwa a goge shi, wanda ke son nasa ya dawo ya rubuta wace shawara ake yankewa a cikinsa da su wa dole su zauna. Taron da sanarwa ce kawai ya koma rubutu.

Masu bin Scrum, tsarin raba aiki zango-zango, su ma su yi lissafi. Iyakokin da aka gindaya wa zangon wata ɗaya su ne awa 8 na tsara aiki, 4 na nuna abin da aka yi, 3 na waiwaye. A zangon mako biyu an saba raba su biyu, a ƙara taron tsaye na kullum, minti 15 sau goma, jimla awa 10 cikin 80. Wannan ba shi da yawa in an tara su a farko da ƙarshen zango. Taron tsayen ne ke ɓarna in an sa shi 10:30, ko aka bar shi ya kai minti 40 saboda mutum biyu sun kama gardamar da ta shafe su kaɗai. A sa shi farkon yini ko dab da tashin Azahar.

Abba Fagge: Saura manajan da shi ma yake son ya ci gaba da rubuta kod.

Hajiya Rabi: Taura biyu ba ta taunuwa, in ana maganar aikin da ke da wa'adi. Manaja mai mutum shida ko bakwai a ƙarƙashinsa, kada ya ɗauki aikin da wasu ke jira kafin su ci gaba. Da wani ya yi murabus ko kwastoma ya fusata, kod ɗin ne zai fara ajiyewa, ƙungiya ta tsaya, kuma ba wanda zai iya matsa masa. Abin da ya dace da shi: ƙananan gyare-gyare, kayan aikin cikin gida, hanzarta gwaje-gwaje, bitar kod, da karɓar gadi lokaci-lokaci, wanda zai nuna masa inda takalmin ke matsa wa mutanensa. Ya tara ganawarsa da ɗaiɗaikun ma'aikata a rana ɗaya ko biyu da yamma, ya ware rabin yini biyu a mako, ya naɗa wanda zai tsaya masa a lokacin. Kuma ya lura da nasa saƙonnin. Saƙon manaja ƙarfe 10 na dare umarni ne ko bai yi niyya ba. Slack da Gmail duk suna da tsara lokacin aikawa, ya sa shi ya isa washegari bayan lokacin shiru.

A auna abin kuma. Kowane injiniya ya riƙa rubuta yawan dunƙulen awa biyu da ya samu ba katsewa a mako, da abin da ya katse sauran. Mako biyu kafin a fara tsarin, mako huɗu bayan an fara. Alƙaluman na ƙungiya ne, kada su shiga takardar auna ƙwazon mutum, in sun shiga za a fara ƙawata su.

Ummi K.: In ƙungiyar mutum uku ce kawai fa, Yaya Sadiq? Gadin mako guda zai cinye kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinmu.

Injiniya Sadiq: A mutum uku kada ku yi mako, ku yi kwana biyu-biyu, kuma mai gadi ya riƙe aikinsa amma a rage masa rabi. Lokacin shirun ya zama ɗaya ga sauran biyun, 9 zuwa 12, mai gadi ya samu nasa bayan La'asar in zauren ya lafa. In buƙatun da ke shigowa ba su wuce uku ko huɗu a rana ba, ba ma sai ya zauna yana kallon zauren ba: ya leƙa ƙarfe 9, 11, 2 da 4, wayarsa a buɗe domin gobara kaɗai. Ku rubuta waɗannan lokutan a saman zauren don masu tambaya su san yaushe amsa za ta zo.